Gangaren Asibi

Shekara shida Asibi ta yi tana tsine wa gangaren nan. A bakin hanyar Ikko yake, daidai inda mota ke fitowa daga dajin Birnin Gwari ta fara zurarawa wajen rafi, kuma a nan ta kafa murhunta tun kafin a sauke tutar Turawa. Komai na wurin a karkace yake. Tukunya sai an tokare ta da dutse. Miya a kwano takan taru gefe guda kamar mai fushi da tuwo. Benci kuwa in mutum uku suka zauna, na ƙasa shi ke ɗauke da sauran biyun. Amma duk da haka manyan motoci na tsayawa, masu gyaɗa da masu auduga, direbobi su ci su suɗe hannu su wuce.

Da ribar tuwon nan ta sayi saniya, ta ba Jaji kiwo, wani Bafulatani da ke zaune a gefen daji. Nono nasa, abin da aka haifa nata. Allah ya sa albarka, saniya ta ba ta karsana ja mai farin goshi.

Ana nan sai mijinta Mu'azu ya tafi Kaduna gaishe da wani ɗan'uwansa da ke aikin masinja. Kwana huɗu kawai ya yi, amma ya dawo kamar wanda ya shekara yana karatun kasuwa.

"Asibi, saniyar nan taki kuɗi ne ke barci," in ji shi. "Shekara guda tana cin ciyawa ta ba ki maraƙi ɗaya tak. A Kaduna jari kullum haihuwa yake yi."

"To Malam, ka ga inda ake tatsarsa?"

"Ke dai ba a magana da ke. Ki duba wurin nan. Mutum ya baro Kano cikin mota, ya zo ya zauna a karkace kamar biri a reshe. A sayar da saniya, a baje gangaren nan ya zama fili, a kafa rumfar kwano. Motar da ke wucewa ma sai ta tsaya."

Wata biyu yana wannan waƙa, da safe da yamma, a gona da gida. Asibi ta toshe kunne. Sai ran nan dutsen da ke tokare da tukunyar miya ya zame, miyar kuka guda ta bi gangare har da naman, tana tsaye tana kallo karnuka suka yi biki. A cikin wannan haushin ta ce masa ya je ya sayar.

Lebura shida suka yi mako uku. Suka sare tudu daga sama suka cike ƙasa, suka daɓe, wuri ya zama sumul kamar faifai. Mu'azu ya jera duwatsu a bakin titi ya shafe su da farar ƙasa, ya bar ƙofa guda ta shiga, don kowace mota ta shigo ta tsaya cikin tsari. Aka kafa rumfa, kwano na walƙiya. Ranar farko da Asibi ta zuba miya ta ga ta zauna daidai a tsakiyar kwano, sai da ta yi murmushi. Ta ce a ranta, ashe dai mutumin nan wani lokaci yana da kai.

Da hantsi ta ji kukan motar Maikuɗi. Shi ne direban da ya fi kowa daɗewa yana cin tuwonta, har ta san yawan yajin da yake so. Ya rage gudu, ya leƙo ya dubi filin, ya ɗaga mata hannu, ya wuce.

Ta biyu ta wuce. Ta uku ma haka. Kafin la'asar tuwo ya yi sanyi a cikin tukunya.

Mako ya zagayo, abin da ya shiga filin nan bai wuce motocin ma'aikatan gwamnati ba, sababbi fil, su kuwa ba su cin tuwon bakin hanya. Sukan nemi ruwan wanke fuska, su yaba rumfa, su tafi. Abin da ya fi ci mata rai, motocin ba nisa suke yi ba. Can ƙasa kaɗan suke tsayawa, wurin Lydia, matar malamin makarantar mishan, wadda ke dafa doya a gindin ɗorawa, ba rumfa ba benci, sai kututture.

Asibi ta ƙara daddawa. Ta ƙara nama. Ta bar kuka ta koma kuɓewa, ta bar kuɓewa ta koma taushe. Gida aka yi ta cin tuwon kwana har Mu'azu ya fara ƙiba.

"Na gano matsalar," in ji shi, yana lasar yatsa. "Jarin ne bai isa ba. Jari in ya yi nauyin tashi, ƙara masa ake yi. A sayar da karsana, a sayo rediyo da kujeru masu jingina, a rubuta allo babba."

"Malam, saniya ta tafi, ciniki ya tafi, yanzu kuma 'yar ka sa wa ido?"

"Wanda ya shiga rafi ya kai tsakiya, komawa da ƙetarewa duk ɗaya ne."

"Wa ya tura ni rafin?"

Bai ji ba. Ya bi ta da magana wajen murhu, ya bi ta wajen rijiya, har tana salla tana jin yana gyaran murya yana jiran ta sallame. Da ta gaji, sai ta ce in Alhamis ta zo, ranar kasuwa, ba abin da ya sauya, ya yi yadda ya ga dama. Bakinta bai rufe ba ya aika wa Jaji saƙo ya kawo karsana.

Ran Laraba ta zauna ita kaɗai a ƙarƙashin kwano mai zafi tana kallon motoci uku jere a wurin Lydia. Karsanar nan ita ce abin da ya rage mata na shekara shida na hayaƙi. Ta yi tsaki, ta yafa gyale, ta ajiye kunya a gefe, ta gangara.

"Maman tuwo! Sannu da zuwa," in ji Lydia, tana share mata kututture. "Ni ma ina so in zo wurinki. Mutanen nan sun ishe ni. Suna cin doyata suna zagina, wai miyata ruwa ce, wai in je in koya a wurinki."

"To me ya hana su zuwa inda miyar take?"

"Ga su nan, ki tambaye su. Ni na tambaya sun yi mini dariya."

Maikuɗi na zaune da kwano a cinya, ya sunkuyar da kai kamar bai gan ta ba. Ta tsaya a kansa.

"Maikuɗi, na taɓa zuba maka ƙasa a tuwo?"

"Haba Iya."

"Na taɓa hana ka ƙari?"

"Ko sau ɗaya."

"To me na yi maka? Na sayar da saniyata don ka zauna a inuwa kamar mutum, ka zo nan kana cin doya a kan kututture kana ɓata wa baiwar Allah rai."

Ya dubi sauran direbobin, suka dube shi, ɗaya ya fashe da dariya har ya ƙware. Maikuɗi ya sosa ƙeya.

"Iya, wa ya ce ki gyara wurin? Batirin motar nan ya mutu tun bara. Mai mota ya ce sai bayan kaka, kaka ta wuce ya ce sai wata kakar. In na kashe ta ba ta tashi sai ta gangara. Ga gyaɗa shaƙe har sama. In na shiga filin nan naki mai kyau, wa zai tura ni? Ke da Malam Mu'azu?"

"Kai kaɗai ke nan."

"Cikin goma, bakwai haka muke. Sauran ukun kuma inda 'yan'uwa suka tsaya nan suke tsayawa."

Asibi ta juya. Ta dubi tudu, ta dubi rumfarta tana walƙiya a can sama.

"Shekara shida, ba wanda ya buɗe baki ya gaya mini?"

"Direba ba ya tallan ciwon motarsa, Iya. Ke ma ba ki tambaya ba."

"Ni duk a zatona miyata ce ke tsayar da ku."

"Miyar ma da daɗi, wallahi," in ji shi a hankali. "Amma gangaren ya ɗan fi ta."

Ya wanke hannu ya hau mota. Ya saki birki, ƙatuwar motar ta fara tafiya shiru kamar maciji, ba ƙara ba hayaƙi, sai can ta yi tari sau biyu, ta girgiza, ta kama ruri. Ya leƙo ta taga ya ɗaga murya.

"Ki dawo mana da gangaren, jibi ina nan tafe!"

Da safiyar Alhamis Jaji ya iso riƙe da igiyar karsana, ta yi ƙiba, gashinta na sheƙi. Mu'azu ya fito sanye da rigar kasuwa. Asibi ta tare shi a bakin rumfa da diga a hannu ɗaya, kwando a ɗayan, ta gaya masa abin da ta ji, ba ta rage ko kalma ba.

Mu'azu ya dubi filin.

"Wato ƙasar da muka biya aka cike..."

"Ita za ka kwashe. Da duwatsun farar ƙasa. Leburori sun cinye saniya, saura kai."

Ya tuɓe riga ya rataya, ya karɓi diga. Ya yi sara kamar ashirin, gumi ya fara keto masa, sai ya tsaya ya dogara da ƙota, idonsa ya yi haske irin na ranar da ya dawo daga Kaduna.

"Asibi, kin ga abin da na gani? Ashe gangaren shi ne jarin! Da za mu sayar da karsanar nan, mu je wurin dagaci ya yanka mana duk gangaren daga nan har rafi, kowace mota mai mataccen batir a ƙasar nan..."

Ba ta bari ya ƙarasa ba. Ta juya wajen Jaji, wanda ke tsaye da sanda a kafaɗa yana kallon ikon Allah.

"Jaji, don Allah ina ne ƙarshen inda kake kai shanu?"

"Can cikin dajin Kamuku, Inna. Kwana biyu a ƙafa."

"To kai ta can. In Malam ya aiko saƙo, ka ce ba ka jin Hausa."

Kwana tara Mu'azu ya yi yana mayar da gangare, kwando bayan kwando, yana yi yana bayani ga duk wanda ya tsaya kallo cewa wannan ma wata dabara ce ta kasuwa. A rana ta goma Asibi ta nemo tsohon dutsenta a bayan rumfa, ta tokare tukunya, ta zuba miya a kwano ta ga ta gudu gefe guda. Ta buɗe baki za ta tsine kamar yadda ta saba, sai ta ji ƙarar birki daga sama, ta haɗiye abinta ta jawo gwangwanin yaji.