Rabon Maganin Inna Zuwaira

Bara'atu ta gaji da hanyar Nahuce, garin mahaifiyarta, ta gaji da layin asibiti a Gusau, amma ba abin da ya gajiyar da ita kamar kyautar mahaifiyarta. Inna Zuwaira irin matan nan ce da ko ƙosai ɗaya gare su sai sun raba shi uku. Da likita ya ce hawan jini ne, ta riƙa shan ƙwaya kullum ko tana jin ciwo ko ba ta ji, Inna ta gyaɗa kai kamar ta ɗauka.

Duk ƙarshen wata Bara'atu ke kai maganin, kuma kafin ta komo ya daɗe da ƙarewa. Ashe labari ya zaga unguwa cewa ƙwayar Inna tana sauke ciwon kai. Huseina mai ƙuli ta karɓa, matar liman ta karɓa, har Jatau mai gyaran keke an aika masa.

"Inna, wanga magani naki na ke ɗai, ba goro ba na," in ji Bara'atu.

"To mi kika so in yi? Mutum ya shigo riƙe da kai, ina da abu, in ce mai babu? Ni lahiyata lau."

"Wanga ciwo ba shi sallama, Inna."

"Allah na nan, ɗiyata."

Bara'atu ta yi faɗa, ta yi lallashi, har kuka ta yi. Ta ba yayanta Bala ajiyar rabi, Inna ta aika a karɓo, shi kuma ina ya ga bakin hana uwa? Daga nan Bara'atu ta daina magana, sai dai ta kawo ta ajiye, ranta a jagule.

Wata Laraba Inna na tankaɗe a tsakar gida, rariya ta suɓuce mata, ita ma ta bi ta ƙasa. Da aka sallamo ta daga asibiti, hannun dama ya saki, baki ya karkace, magana ba ta fita.

'Yan dubiya suka cika ɗaki. Huseina ta zauna a bakin gado tana hawaye, dafe da goshi, don ciwon kan nan ya sake tasar mata. Ba ta roƙi komai ba. Inna ta dube ta, ta dubi Bara'atu, sannan ta ɗaga hannun da ya rage mata, ta nuna ledar magani da ke rataye a ƙusa.

Bara'atu ta kau da kai kamar ba ta gani ba. Inna ba ta sauke hannun ba.