Kafar Dama

Su huɗu ne a gidan bayan rasuwar Baba: Inna, da Yaya, da Anti, da Auta wadda ke firamare. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da ya yi musu kaɗan shi ne kafa, wato ɗan ramin nan na gefen laftof inda ake soka waya ko filashi, ɗan abin ajiye bayanai. Laftof ɗin da Baba ya bari kafa biyu gare ta, hagu da dama.

Yaya neman aiki yake yi ta intanet, shi ne mai modem. Anti takardu take buga wa ɗalibai, ita ce mai firinta. Da rigima ta yi yawa, Inna ta sa doka: duk wanda kayansa ke jikin kwamfutar, ba a tashe shi. Dole suka riƙa zama benci ɗaya, suna zungurin juna da gwiwar hannu. Sai wata safiya Yaya ya ce kafar dama ta mutu. Anti ta gwada, wayar firinta ta ƙi shiga. Daga ranar, wanda ya riga soka nasa a hagu shi ke da kwamfuta, kuma Yaya ya fi kowa sammako.

"Ranka ya daɗe, manajan zaman banza," in ji Anti, "yaushe za a tashi daga ofis?"

"Idan injin niƙanki ya koyi yin shiru."

"Injin niƙan nan shi ke saya maka sabulu."

"To ki je ki jona shi a hancinki, ai kafa biyu ne."

Auta ba ta cikin faɗan. Nata abin ɗaya ne: wani jan filashi na Baba. A ciki akwai muryarsa yana koya mata duba agogo, yana dariya duk lokacin da ta rikita dogon hannu da gajere. Babu wani wuri da muryar ta rage sai nan. Filashin ya tsufa, wani lokaci ya buɗe, wani lokaci ya ƙi. Malamarsu ta ce mata ta kwafe abin cikin kwamfuta tun da wuri, kuma kada a zare shi kafin ya gama.

Ta roƙi Yaya, ya ce gobe. Ta roƙi Anti, ta ce, "Ni ma layi nake bi, ƙanwata."

Wata rana da hantsi Yaya ya fita amsa waya da modem a aljihu, Anti kuma tana wanka. Auta ta hau benci, ta soka filashin, ta yi yadda aka koya mata. Wani koren layi ya fara tafiya a hankali. Bai kai rabi ba Yaya ya dawo.

"Ke! Wa ya ba ki izini?"

"Yaya, kayana ne a jiki. Inna ta ce ba a tashin mutum."

"Dokar manya ce, ba ta masu majina ba."

"Don Allah ka bari ya ƙarasa. Muryar Baba ce."

Ya fizge filashin, ya jefa mata a cinya, ya soka modem. Da yamma aka sake gwadawa, kwamfutar ta ce babu komai a ciki. Auta ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta dai ƙi cin abinci, tana riƙe da filashin a tafin hannu.

Washegari Inna ta naɗe laftof ɗin a tawul, ta kama hannun Auta, ta sa manyan a gaba har shagon mai gyara. Ya jima yana fama da filashin, sannan ya girgiza kai.

"Hajiya, sai haƙuri. Wannan ya tafi."

"To duba mana kafar daman nan, ko za ta tashi."

Ya haska ta da tocila, ya sa hantsaki, ya zaro wani ɗan shuɗin abu ya ajiye a kan tebur. Ya soka wayarsa, nan take ta kama.

"Ai lafiyarta ƙalau. Toshe ta aka yi."

Anti ta juya kan Yaya. "Kai ne!"

"Ni? Ke dai da ƙazantarki, komai sai ya faɗa ciki."

Suka kaure a gaban mutane, Inna tana cewa su rufa mata asiri. Auta ta ɗauki ɗan abin ta duba. Guntun murfin biro ne, duk shatin haƙori a jikinsa. Mutum ɗaya ne mai tauna murfin biro a gidansu. Ta ɗaga kai ta dubi Yaya, shi kuma ya kawar da ido.

A hanyar gida Auta ta damƙe guntun murfin a hannu. Ta gane cewa ranar da aka fizge muryar Baba akwai kafa biyu masu aiki, kuma Yaya ya sani.