Motar Suruki a Hanyar Tsafe

Duk mai buga wasan tuƙin tirela a kwamfuta tsakanin Gusau, Tsafe da Bunguɗu ya san Munzali. A sakatariya ƙaramin ma'aikaci ne, ɗauko fayil mayar da fayil, amma a guruf ɗinsu na waya shi ne babban makanike. Wasa ya ƙi tashi, a kira Munzali. Sitiyari ya ƙi juyawa, a kira Munzali. Shi kuwa abin na yi masa daɗi, har sai ya ɗan ja aji kafin ya ba da amsa.

Wasan na Turawa ne, titunansa sumul, ko akuya ba ta tsallakawa. Abin da ya sa masa gishiri shi ne ƙare-ƙaren da 'yan guruf ke haɗawa da hannunsu su cusa a ciki, waɗanda suke kira mod. Wani ya sa hon irin na 'yan tasha, wani ya sa lodin buhunan masara. Amma babu kamar na Lawwali, abokin Munzali tun sakandare, mai shagon buga katin aure a Tsafe. Shi hanya ya gina sukutum daga Tsafe zuwa Gusau, da ramukanta, da masu rake a bakin titi, da duwatsun Kwatarkwashi. Ya fi shekara yana fama da ita.

Sai kuma mod ɗin Tajuddeen, yayan Wasila matar Munzali. Shi motar marigayi mahaifinsu ya kwaikwayo, tsohuwar roka mai bodin katako da Alhaji ya yi rayuwarsa yana tuƙawa daga Bunguɗu, har da sunansa a goshinta. Ranar da Wasila ta gan ta a allo sai da ta yi hawaye.

Ba a jima ba wasa ya fara tsiya. Da mutum ya iso Kwatarkwashi sai komai ya sandare, allo ya yi baƙi, tafiyar da aka yi ta bi ruwa. Guruf ya cika da ƙorafi, aka ce Munzali ya duba.

Hanyar dubawar ba ɓoyayya ba ce, shi ma ya sha koya wa mutane. A cire mod ɗaya, a gwada, a mayar, a cire na gaba, har a kama mai laifi. Ya cire hon, ya cire masara, ya cire na fitilu. Da hannunsa ya zo kan motar Alhaji sai ya tsaya. Mutumin da ko sunansa ba ya iya faɗa don kunya, shi ne zai ɗaga motarsa ya ajiye gefe? A cikin gidan 'yarsa? Ya ce wa kansa ai fenti ne kawai da katako, me fenti zai ɓata. Ya tsallake ta kamar yadda ake tsallake tabarmar manya.

Na gaba hanyar Lawwali ce. Ya cire ta, ya hau titin Turawa, ya yi ta gudu ba ko tari. Shi ke nan, an kama ɓarawo. Da ma ya tsaya nan da sauƙi, amma bakin Munzali ba ya da linzami in ya ga jama'a na saurare. Ya danna waya ya aika murya.

"Jama'a, na gano ta. Hanyar Lawwali ce ka kashe muku wasa, kowa shi goge ta. Kai kuma Lawwali, ka tsaya ga katin aure, ginin hanya sai injiniya."

Aka yi ta dariya, kowa ya goge, har shi Munzalin. Lawwali ya rubuto, "Ku yi haƙuri."

Bayan 'yan makonni, wata Asabar da hantsi, Munzali na tuƙi a titin Turawa ya ratse wurin da manyan motoci ke hutawa. Wasa ya sandare. Babu hanyar Lawwali, babu Kwatarkwashi. A hoton ƙarshe da ya maƙale a allo kuwa, ga rokar Alhaji nan a fake tsakanin tireloli.

Ya leƙa ya ga Wasila na tsakar gida tana wanki, ya turo ƙofa, ya cire motar da sauri kamar mai satar nama a tukunya. Ya koma wurin, wasa lafiya lau. Ya mayar da ita, ya sandare. Da ya buɗe cikinta ya ga dalili: Tajuddeen ya lafta mata hotuna manya-manya yadda kyamara ta ɗauko su, bai rage musu nauyi ba. Duk inda wasan ya faka ta cikin wasu motoci aka matso kusa, sai kwamfuta ta shaƙe. Laifin Lawwali ɗaya ne, ya gina wurin tsayawar manyan motoci a Kwatarkwashi.

Kunya ta rufe Munzali, irin wadda ke sa mutum zufa shi kaɗai a ɗaki. Ya sake sauraron muryar da ya aika, bai iya kai ƙarshenta ba. Ya sa takalmi ya nufi tasha, ya hau motar Tsafe.

Ya tarar da Lawwali a shago yana yanka kati. Lawwali ya tashi da fara'a, ya share masa benci, ya aika a kawo fura. Wannan tarba ta fi zagi ciwo.

"Lawwali, hanyar nan taka nika so ka sake ba ni," in ji Munzali, idonsa a ƙasa.

"Wace hanya? Ai na goge ta."

"Ta cikin wasa ka goge. Ina nuhin asalin aikin, wanda kaka gini da shi."

"Shi nika nuhi. Duk na share, har wadda na hwara ta wajen Mada. Abin da ka ɓata ma mutane wasa, mi za ni yi da shi? Kai da kanka ka gwada, ai ba ka ƙarya."

Munzali ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya buɗe baki da ƙyar ya faɗi komai, yadda ya cire na kowa ya tsallake guda, da abin da ya gani yau da hantsi. Bai ɓoye ko maganar injiniya ba, ya ce neman a yi dariya ne kawai ya sa shi.

Lawwali ya ajiye almakashi. Ya daɗe yana kallon titi, inda wata tirela ta gaske ke wucewa tana girgiza gilashin shagon.

"Motar surukinka," ya ce a hankali. "To. Ka rage mata hotunan a ɓoye, ka maida ma Tajuddeen, ka ce gyara ne kaƙ ƙara mata."

"Guruf hwa? Dole in hwaɗa musu ba kai ba ne."

"Ka hwaɗa musu mi? Motar mamaci ce ta ɓata wasa, Wasila ta ji? Bar shi a kaina, an riga an yi dariyar, ta wuce."

"Aikinka hwa, Lawwali?"

"Ya tahi."

Aka kawo furar a kwanon sha, da sanyinta. Lawwali ya dama, ya tura masa gabansa, ya koma kan katinsa yana yanka. Munzali ya riƙe ludayin, ya kasa kai shi baki.