Jita a Buhun Shanshera

Ranar da ruwa ya shiga unguwarsu a Auyo, gidan Malam Haladu ya zauna. Ginin ƙasa ne, ya sha ruwa ya durƙusa a inda yake, ba hayaniya. Malam yana Hadejia a layin tantance 'yan fansho, yana tabbatar wa hukuma cewa yana raye. Matarsa Hajo ce ta fitar da abin da ya fitu. Ta ɗora amfilifaya, akwatin ƙara sautin jita, a ka kamar tulu, ta rungumi jitarsa, ta bar kwanukan aurenta ruwa ya tafi da su.

Jitar ja ce, mai kogon ciki, da ƙofofi biyu masu lanƙwasa a ƙirjinta. A Kano ya saye ta hannu na biyu tun yana koyar da labarin ƙasa a sakandare. Bai taɓa kaɗa ta a biki ba. Bayan la'asar yake jona ta a ɗakinsa, ya rage kaifi, ya ƙara kauri kaɗan, ya sassauta maɓallin jikinta, sai wani amo ya fito mai ɗumi, kamar muryar dattijo da ya ƙoshi. Hajo tana tsakar gida tana tsince shinkafa, ba ta barin kowa ya yi daka a lokacin.

Suka koma Hadejia wajen 'yarsu Jannatu, aka ba su ɗaki sabo, bulo da siminti, rufin kwano ba silin. Da Malam ya nemi jitarsa, Hajo ta nuna masa buhun shinkafa shanshera a lungu. Wuyan jitar ne kawai a waje.

"Me kika yi mata?"

"Ta jiƙe, Malam. Na ga haka yara suke yi wa waya in ta faɗa ruwa."

"Waya ce wannan?"

Ya zaro ta ya girgiza, ta amsa kamar caki. Ya kwana biyu yana zazzage ƙwayoyin shinkafa ta ƙofofin nan, yana jera su a kan tabarma inda za ta gani.

Da ya jona ta, bai kai ga taɓa tsirkiya ba ta fara kuka. Wani ƙugi ne ya taso daga cikinta, ya shiga amfilifaya, ya dawo ya sake shigarta, yana ƙaruwa har kwanon ɗakin ya ɗauki rawa. Ya rage murya, kukan ya tsaya, amon ya zama na gwangwani. Ya ƙara, kukan ya dawo. Hajo ta tashi ta fita.

Malam mutum ne mai karatu, saboda haka ya bi abin da tsari. Ya sauya tsirkiya. Ya sauya wayar da ke haɗa su. Ya juya wa amfilifaya baya, ya ɗora ta a kan kujera, ya sauke ta. Ya toshe ƙofofin jitar da soso kamar yadda ya karanta, kukan ya ragu, muryar ta mutu tare da shi. Ya kai amfilifaya wurin mai gyaran rediyo, mutumin ya buɗe ya rufe ya ce, "Baba, wannan ta fi ni lafiya."

Tun shigarta ruwan nan Hajo ba ta koma daidai ba. Tari, sai kumburin ƙafa, sai kwanciya da rana, abin da ba ta taɓa yi ba. Wata rana yana kwance tsirkiya ta ce daga kan katifa, "Malam, ni na kashe ta, ko?"

"Ana dubawa," in ji shi.

Ba ƙarya ya yi ba. Shi a ganinsa ba a yanke hukunci sai an gama bincike, kuma ya ɗauki wannan a matsayin adalci. Ta juya fuskarta bango. Ba ta sake tambaya ba, sai dai duk lokacin da ya ɗauko jitar takan ce za ta je ta ga abin da Jannatu take dafawa, ko da tukunya ba ta kan wuta.

A ƙarshe Jannatu ce ta yi magana. "Baba, don Allah kukan nan yana hawar wa Inna kai. Maƙwabta ma sun fara tambaya ko injin niƙa muka sa."

Sai ya ɗaure jitar da amfilifaya a bayan acaba, daga inda hanya ta yanke ya shiga kwale-kwale, ya nufi Auyo gidan Gana, abokinsa masunci, wanda gidansa yake kan tudu ruwa bai kai ba. Ajiya ya kai. Ya gama da jitar.

"Ka kawo min amaryarka ta yi zawarci?" in ji Gana. "To ta gaishe ni tukuna. Ga batirin sola can."

Zauren Gana na ƙasa ne, rufin azara, taruna rataye a bango, buhuna jibge a gefe. Malam ya jona don a rabu lafiya, ya sa hannu kusa da maɓalli yana jiran kukan. Bai zo ba. Ya taɓa tsirkiyar sama, amon ya fito cikakke, ya zauna a ɗakin, ya lafa a hankali. Ya ƙara murya. Ya rage kaifi, ya ƙara kauri kaɗan. Ita ce, babu abin da ya ragu.

Ya ajiye jitar ya tafa hannu sau ɗaya. Bangon ya shanye tafin. Ya tuna a ɗakin Jannatu ko tari Hajo ta yi sai kwano ya maido mata da shi. Siminti da kwano ne suke jefo sautin cikin kogon jitar. Ɗakin da ya saba da shi ne ya narke, ba jitar ba. Ya leƙa cikinta ta ƙofa ɗaya: itacen a bushe, ba kumburi, ba ɗigon fumfuna.

"Shansherar nan ce ta cece ta," ya ce, ba da Gana yake ba.

"To kira uwargida ka faɗa mata mana."

"Ba maganar waya ba ce. Kawo ta zan yi nan ta ji da kunnenta."

"Matar da sai da ƙyar take kaiwa bakin ƙofa? Kai dai malamin makaranta, sai ka kafa hujja kafin ka ce sannu."

Malam ya koma gwada tsirkiya ta uku. Akwai wani ɗan kaifi da yake so ya goge. Ya goge shi, ya sami wani. Masu kwale-kwale suka tashi daga aiki, ya kwana a Auyo.

Da safe Jannatu ta kira. Bayan sallar asuba ne Inna ta cika, in ji ta, ba ta wahala ba.

Ya samu jana'iza da ƙyar. Ya zauna a tabarma yana karɓar gaisuwa, ana cewa Allah ya ji ƙanta, ya sa ta huta, yana amsawa da amin yadda ya kamata. Tsoffin ɗalibansa suka zo, suka yaba haƙurinsa. Wata 'yar'uwar Hajo ta ce marigayiyar ta nemi gafarar kowa kafin ta cika, har ta ce a roƙa mata Malam a kan abin kiɗansa. Malam ya ce ya yafe, domin abin da ake faɗa ke nan, kuma mutane suna kallo.

Jitar tana zauren Gana har yau, a rataye tare da taruna. Gana yakan tambaya yaushe zai zo ya ɗauka, shi kuma yakan ce sai ruwa ya janye. Ruwa ya janye, an shuka, an girbe.

Maganar ba ta da tsawo, a waya ma da ta shiga. Hajo, ba ke ba ce, ɗakin ne. Daidai kika yi.