Gwangwanin Dabinon Khala Khaulah

"Goma sha huɗu," na ce. "Khala, kwalin magani goma sha huɗu!"

Khala Khaulah ta leƙa magungunan da na zazzage daga gwangwanin dabino na jera a kan darduma, ta yi dariya har ƙirjinta na ƙugi. "Ba ki iya ƙirga ba, ya binti, 'yata. Akwai biyu a ƙarƙashin filo."

Ni dai ban ga abin dariya ba. Shekara tara na yi ina aikin jinya a ƙaramin asibitin unguwa a Kano, kafin in biyo mijina Muttaka Kuala Lumpur, inda yake karatun digiri na uku a wata jami'a da ke titin Jalan Semarak. Tunda muka zo ba ni da aiki sai zarya tsakanin kicin da taga, ina kallon jirgin ƙasan da ke zuwa tashar Titiwangsa yana wucewa. Hannuna ƙaiƙayi yake yi. In na ga mutum ya yi tari sau biyu, sai na tambaye shi tun yaushe.

Khala Khaulah maƙwabciyarmu ce, ƙofa da ƙofa a hawa na sha ɗaya. 'Yar Yaman ce, yaƙi ya koro ta wajen ɗanta Rayyan a 2015. Da Larabcin Islamiyya nake yi mata magana, ita kuma ta ce kullum ji take kamar limamin Juma'a ne ya shigo aron albasa. Ta ce in riƙa kiranta Khala, wato inna. Ran nan na shiga kai mata masa, na tarar ƙafafunta sun kumbura sun yi suntum, na danna da yatsa, ramin ya ƙi cikowa.

"Wannan wa ya ba ki?"

"Likitan gwiwa."

"Wannan fa?"

"Likitan zuciya. Wancan na suga. Wannan jan, ɗan ƙanwata ne ya faɗa ta waya daga Alƙahira, babban likita ne. Wannan kuma mai kantin magani, mutumin Sham, yaron kirki."

Uku daga ciki duk maganin ciwon jiki ne, masu ƙarfi, irin waɗanda ke cin ƙoda a hankali, ga shi tana haɗa su da na hawan jini da na rage ruwa. Na tambaye ta fitsari, ta rufe fuska da mayafi ta ce ɗan kaɗan, kwana biyu.

"Khala, likitan zuciya ya san kina shan na likitan gwiwa?"

Ta zaro ido kamar na zage ta. "Aib! Abin kunya! In zauna gaban babban mutum in ce masa na je wurin wani? Ai na ce masa ban yarda da shi ba ke nan. Kowanne in na je, nuna masa nake shi kaɗai gare ni."

Likita biyar, kowanne yana zaton shi kaɗai ne. Kara ce take yi musu, irin wadda mu ma muka sani, amma wannan karar kashe ta za ta yi.

A ƙasan benenmu, tsakanin kedai, wato kantin kayan masarufi, da mai wanki, akwai ɗan asibitin Dakta Kamila, likitar iyali, 'yar Malesiya. Ita ke duba mu gaba ɗaya, ta san har ciwon gyambon cikin Muttaka da abin da ke tayar masa da shi. Abin da nake so bai wuce a ɗauki gwangwanin nan a ajiye a gabanta ba, mutum ɗaya ya ga komai a lokaci ɗaya.

Da la'asar na tare Rayyan a bakin lif. Mutum ne mai ladabi, kansa a ƙasa ya saurare ni har na gama.

"Na gode, 'yar'uwa. Amma wannan ta ƙasa likitar mura ce. A wurinmu wanda ba shi da kowa shi ke zuwa wurin likitan komai-da-komai. Mahaifiyata sai ƙwararre. Na samo mata farfesan zuciya, nan da kwana goma sha biyu."

"Kwana goma sha biyu ya yi nisa. Magungunan ne ba sa jituwa."

"Duk manyan likitoci ne suka rubuta su," ya ce a hankali, ya yi mini murmushin da ake yi wa mai shisshigi.

Na shiga gida ina huci. Muttaka yana cin shinkafar da ya yo tapau, wato ya sa aka ƙunso masa, daga gidan abincin mamak, ido a kan kwamfuta.

"Saudatu, relax lah. Ba patient ɗinki ba ce. Mutanen nan ba sa son a shiga family matter ɗinsu."

"Ƙodarta ce ke tafiya, Abban Mus'ab!"

"To ki rubuta musu. Put it in writing, shi ke nan kin fita."

Ban fita ba, amma na rubuta. Na sami takarda na jera sunayen magungunan sha shida da Turanci, da wanda ya bayar da kowanne. Ukun nan na ja musu layi da jan biro, na rubuta a ƙasa: kada a haɗa waɗannan, a duba ƙoda yau. Na kai wa Khala, na ce ta ba Rayyan, ta kuma daina shan ukun. Ta karɓa ta ninke, ta sumbaci goshina.

Kwana uku ban zauna ba. In ɗora tukunya in manta, in fita baranda in dawo, in kasa kunne jikin bango ko zan ji motsinta. Ranar Talata da Rayyan ya tafi makaranta, matarsa ta kai yara, na shiga na ce, "Khala, tashi. Minti goma ne, mu sauka mu dawo, ba wanda zai sani."

Abin mamaki, ta yarda. Ta sa baƙar abayarta, ta fesa turare, na rungumo gwangwanin. Takalminta ya ƙi shiga, ta sa silifas ɗin ɗanta. Muka taka a hankali har bakin lif, tana dafe da kafaɗata tana haki. Lif ya buɗe. Ta tsaya tana kallon cikinsa.

"In matan Yaman na hawa na shida suka gan ni a can fa? Za su ce Rayyan ya gaza, ya kai uwarsa wurin likitar mura. Yaron nan ba ya barci saboda ni."

"Khala, don girman Allah."

"Kwana takwas ya rage, ya binti. Zan nuna wa farfesa takardarki, na yi alkawari."

"Kin daina shan ukun?"

"Gwiwar ce ba ta bari in yi sujada," ta ce, ta karɓe gwangwaninta daga hannuna.

Lif ya rufe ya tafi babu kowa. Na ji haushinta, wallahi na ji, har na ƙi shiga wurinta washegari. Wannan yinin guda har yau yana ci mini rai.

Ranar Alhamis da hantsi matar Rayyan ta buga mana ƙofa da tafin hannu biyu. Khala tana kwance a kan sallaya, tana numfashi sama-sama, ba ta gane kowa. Na bi su a motar asibiti, gwangwanin a cinyata. A ɗakin taimakon gaggawa wani matashin likita ya zazzage shi a kan tebur, ya daɗe yana juya kwalayen.

"Wane ne likitanta?"

Rayyan ya fara lissafi da yatsu: na zuciya, na gwiwa, na suga.

"A'a," likitan ya ce. "Wanda ya san tana shan duk waɗannan. Wane ne?"

Rayyan ya sauke yatsunsa. Ni kuma na sunkuyar da kai, don amsar ni ce, ni kuwa ba likita ba ce.

An yi mata wankin ƙoda sau ɗaya, zuciyar ta kasa ɗauka. Ta rasu ranar Asabar bayan azahar, ana tsuga ruwan sama, saura kwana huɗu ta ga farfesa. Allah ya jiƙan Khala. Na yi kuka kamar uwata ce ta tafi, kukan da rabinsa baƙin ciki ne rabinsa haushi, ban ma san haushin wa ba.

Bayan kwana bakwai, da safe, aka ƙwanƙwasa. Rayyan ne, ya rame, riƙe da farantin da na kai wa Khala masa a ciki, da wata takarda a ninke.

"Kayanki ne, 'yar'uwa. Wannan a cikin Alƙur'aninta muka gani. Na taɓa ganinta da ita, ta ce yadda ake yin wainar nan taku ce kika rubuta mata."

Ban miƙa hannu ba. Na ce, "Ba ka buɗe ba?"

Ya girgiza kai. Sai ya ajiye farantin a ƙasa, ya warware takardar. Gefenta ya yi dabbaren gahawa. Ya sa yatsa yana bin sunayen ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi, har ya iso kan jan biron nan, yatsan ya tsaya. A bayansa lif ya iso hawanmu, ya buɗe, ya jira, ya rufe. Shi dai yana tsaye, da silifas ɗin nan a ƙafarsa.