Jinin Reb Fishel

Kujerar farko ta riga ta tashi sama kafin Naftali Rot ya gama hawa bene. Yana jin fashewar gilashi daga hawa na uku, yana haki yana tsine wa gwiwoyinsa, don shekara sittin da biyu ba ta raga wa kowa, ko da kuwa shi ne kocin 'yan kokawar jami'ar. Da ya banko ƙofar ɗakin karatu sai ya tarar yaransa bakwai sun rufe 'yan ƙungiyar jarida da duka a tsakanin kantocin littattafai.

"Ku bari! Na ce ku bari, 'yan banza!"

Wa zai saurare shi? Gedalya, ƙaton cikinsu, ya shaƙe Polak editan jaridar ɗalibai ya manna shi da bango yana girgiza shi.

"Wa ya shiga mota ranar Asabar? Faɗi mana! Kakarka ce ta gan mu?"

Polak ɗan siriri ne kamar tsinken tsire, bakinsa duk jini, amma tsiwa ba ta bar shi ba. "Na rubuta," in ji shi, "kuma mako mai zuwa zan ƙara da sunanka."

Abin da ya rubuta ɗin layi uku ne kacal. Wai 'yan kokawa, da za su dawo daga gasa, sun hau mota tun taurari ba su fito ba, Asabar ba ta fita ba. A makarantar Yahudawa irin wannan, inda hawa mota ranar Asabar haramun ne, gara ka kira mutum ɓarawo. Kuma Naftali da kansa ne, da safen nan, ya dunƙule jaridar a gaban yaran ya ce da shi ne mai shekara ashirin da ya zubar wa marubucin haƙora. Faɗa kawai ya yi don ya huce. Su kuwa suka ɗauka umarni ne.

Ana cikin wannan turnuƙu sai ga Reb Fishel Karp, wato Malam Fishel a harshensu, ya fito daga bayan kanta yana tura ɗan kekensa. Maƙwabcin Naftali ne ƙofa da ƙofa, shekara ashirin da shida. Tsohon mai ɗinkin littattafai ne da ya ajiye aiki amma ya kasa zaman gida, shi ya sa duk Talata yake cika keken da littattafai ya kai wa tsofaffin unguwa waɗanda ƙafa ta hana su saukowa daga bene, a shirin da jami'ar ke yi musu. Wani ya faɗo a kan keken, littattafai suka watse. Ɗaya daga ciki, tsohuwar Zabura mai baƙin bango, ta faɗi rub da ciki a tsakiyar ƙafafun masu faɗa.

Duk wanda ke ɗakin nan tun yana rarrafe aka koya masa cewa ba a barin littafi mai tsarki a ƙasa, ɗagawa ake yi a sumbace shi. Mai hankali dai zai jira ƙura ta lafa. Reb Fishel bai taɓa barin littafi ya jira shi ba. Ya kutsa, ya sunkuya, ya ɗauko, ya ɗago yana kai shi bakinsa.

A daidai lokacin Gedalya ya saki Polak ya sunkuci kujerar ƙarfe ya wurga masa da iyakar ƙarfinsa. Polak ya goce. Ƙafar kujerar ta sami tsohon a gefen kai, kusa da kunne.

Naftali bai taɓa mance ƙarar ba. Ba babba ba ce. Reb Fishel ya zauna daɓas, sannan ya kwanta a hankali, jini na tsartuwa ya jiƙe farin gemunsa, ya jiƙe littafin da ke ƙirjinsa. Ɗakin ya yi tsit. Naftali ya ture mutum biyu ya durƙusa ya tallabe kansa, ya danne raunin da tafin hannu, jinin na kutsowa ta tsakanin yatsunsa da ɗumi.

"Ku kira motar asibiti! Kun tsaya kuna kallona? Reb Fishel, dube ni. Dube ni, na ce."

Tsohon ya buɗe ido. "Naftali," ya ce, "hulata."

Tana can ƙarƙashin tebur. Wani ya miƙo, Naftali ya ɗora masa a kai ya riƙe don kada ta zame. Leɓɓan tsohon suka motsa kaɗan. Kafin masu motar su hawo benen ya cika.

'Yan sanda sun zo, sun tambayi kowa wa ya yi jifan. Kowa ya ce ƙura ce, bai gani ba. Naftali ma haka ya faɗa, alhali ya gani da idonsa, kuma ya tsani kansa tun kafin ya rufe baki. Da suka gama aune-aunensu sai 'yan ƙungiyar jana'iza suka shigo da fararen ƙyallaye, Reb Anshel shugabansu na gaba. Suka durƙusa suka goge kowane ɗigo, suka yanke dardumar inda ta jiƙe, suka kankare ƙafar kanta. Naftali ya tuɓe rigarsa da wandonsa ya ba su, ya koma gida da kayan atisaye. Jinin da ya fita tare da rai jikin mutum ne, tare ake binne su.

Sai ranar Juma'a da safe hukuma ta saki gawar. Sanyin Disamba ne, rana za ta faɗi ƙarfe huɗu da 'yan mintoci, Asabar ta shigo, kuma ba a binne gawa a cikinta. Aka sa jana'iza ƙarfe ɗaya.

Ƙarfe tara Naftali ya ƙwanƙwasa ƙofar da ke kallon tasa. Mirel, matar mamacin, tana zaune a kicin, shayi ya huce a gabanta. Reb Anshel na tsaye da hula a hannu yana gaya mata abin da aka tattara: riga, hula, tabarau, ƙyallaye, guntun darduma.

"Littafin fa?" ta ce.

Reb Anshel ya dubi Naftali. "Ba mu ga littafi ba, Misis Karp."

"Matar da ke tsaron ɗakin karatun ta ce min da Zabura a hannunsa ya mutu. Ta ce ta jiƙe sharkaf." Ta juyo. "Kai ka riƙe shi, Naftali. Ƙarya ta yi?"

"Ba ta yi ƙarya ba."

"To ina take?"

Reb Anshel ya yi gyaran murya. "Abin da ba a samu ba, shari'a ba ta..."

"Ba shari'a na tambaye ka ba!" Ta daki teburin, kofin ya kife, shayi ya bi ƙasa. "Shekara arba'in da bakwai ina dafa abin da ya zama jinin nan. Ba za ku saka min shi a rami da saura a waje ba." Ta nuna Naftali da yatsa. "Kai ka koya musu duka. Ka je ka kawo min ragowar mijina, ko kuma kada in ga ƙafarka a maƙabarta."

Ba ta faɗi abin da ba haka ba. Naftali ya sauka ya bi titi, ya wuce gidan burodi inda mata suka yi layin burodin Asabar, ya wuce masu sayar da lemo a bakin tashar jirgin ƙasa, bai amsa gaisuwar kowa ba. Ya san yaransa kamar yatsun hannunsa. Shida sun zo atisaye jiya suna sunkuyar da kai. Ɗaya ne bai zo ba, bai kuma kwana a ɗakinsa ba.

Ɗakin kokawa yana ƙarƙashin ginin wasanni. Tun daga matakala ya ji famfo na zuba. Ya tura ƙofar makewayi, sai ga Gedalya a gaban kwamin wanke hannu, ido jawur, riƙe da Zaburar a buɗe ƙarƙashin ruwa yana goga ta da tawul. Ruwan da ke gangarawa ramin jaja-jaja ne.

Naftali bai san lokacin da ya tsallake ɗakin ba. Ya fizge littafin da hagu, ya kai masa naushi da dama. Hancin ya fashe. Ya ajiye littafin a kan tagar sama, ya rufe famfon, sannan ya juyo ya cakumi wuyan rigar yaron ya maka shi da madubi, madubin ya tsage. Ya ɗaga shi ya nana da ƙasa, ya hau ruwan cikinsa.

"Ka kashe shi bai ishe ka ba? Sai ka tura shi magudanar ƙazanta?"

Ya ƙara masa ɗaya a baki, ya ƙara a kunne. Gedalya ya fi shi ƙarfi ninki biyu, a makon jiya ma da wasa ya ɗaga shi sama, amma ko hannu bai ɗaga ya kare fuskarsa ba. Wannan ya ƙara tunzura Naftali. Ya kama hannun daman, wanda ya yi jifan, ya murɗe shi ta baya da kamun da shi da kansa ya hana su yi, har ya ji kafaɗar na shirin fita.

"Karya shi, Koci," in ji yaron, bakinsa manne da siminti. "Don Allah karya shi."

"Me ya sa ka sace? Don kada a ga shaida?"

"Ban sata ba. Da ya kwanta... ta sake faɗuwa ƙasa. Ɗagawa kawai na yi." Kuka ya ƙwace masa. "Na sumbace ta ma. Sai na gan ni a titi tana hannuna. Kwana uku ina kallonta. So nake in mayar musu da ita fes."

Naftali ya saki hannun. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. Tausayi ya zo masa, ya kore shi, don ba shi da lokacinsa. Agogon hannunsa ya ce sha ɗaya saura.

"Minti nawa ka yi kana zuba ruwan?"

"Ban sani ba. Biyu. Uku."

Ya rarrafa ƙarƙashin kwamin. Bututun yana da lanƙwasa inda ruwa ke kwanciya. Ya gwada kwancewa da hannu, tsatsa ta ƙi. "Miƙo gorar ruwan can, zubar da na ciki. Riƙe nan. Idan ɗigo ɗaya ya taɓa ƙasa sai na ƙarasa ka." Ya sa ƙafa ya daki bututun sau uku, ya ɓalle daga sama, ya karkato shi a hankali. Ruwa mai launin tsatsa ya tsiyaye cikin gorar, bai kai rabi ba. Sauran ya tafi inda ba mai iya bin sa.

Ya naɗe littafin a tawul ɗin, ya cusa guntun bututun ma a jaka. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Wanke fuskarka. Ba a nan ba, a can. Daga nan ka wuce ofishin 'yan sanda ka gaya musu abin da ka yi. Ka ce kocinka ya yi musu ƙarya, yana zuwa ya faɗa da bakinsa."

"Jana'izar fa?"

"Ba ta shafe ka ba."

Maƙabartar tana can ƙetaren kogi, motoci sun cunkushe a kan gada. Da ya iso an riga an saukar da akwatin katakon, mutane sun yi cirko-cirko cikin iska, Reb Anshel na duban rana yana duban agogo. Mirel ce ta hana a zuba ƙasa. Tana tsaye a bakin ramin, an keta mata wuyan riga ta gefen dama alamar makoki, ba ta yarda kowa ya riƙe ta ba.

Naftali ya buɗe jakar a gabanta. Littafin ya kumbura, shafukan sun manne. Ta sa yatsa ɗaya ta taɓa bangon. Reb Anshel ya karɓa, aka zura shi tare da tawul da bututun a gefen akwatin, aka tsiyaye gorar, aka jefa ta ita ma.

"Duka ke nan?" Mirel ta ce.

Ya yi niyyar cewa e. Mutum ɗari na jira, rana na gangarawa. "A'a," ya ce. "Ruwa ya tafi da wani. Na makara."

Ta daɗe tana kallonsa. Idonta ya sauka kan jinin da ke yatsunsa da suka fashe.

"Wannan fa?"

"Ba nasa ba ne."

Idon ya ci gaba da sauka har ƙasa, ya tsaya. "Da waɗannan ka je ranar Talata?"

Ya dubi takalmansa. Baƙaƙe ne, su ke nan gare shi na fita. A jikin ɗinkin, inda fata ta haɗu da tafin takalmi, akwai wani siririn layi na busasshen jini da ya zagaye su duka biyun. Kwana uku yana yawo da shi, ya hau benen gidansu da shi, ya tsaya a kicin ɗinta da shi.

Ya sunkuya da ƙyar ya kwance igiyoyin. Ya cire na dama, ya cire na hagu, ya haɗa su ya miƙa wa Reb Anshel. Aka zura su a wajen ƙafafun akwatin.

Mirel ta ja da baya, ta gyaɗa kai. Ƙasar farko ta faɗi a kan katako. Da layi ya zo kansa, Naftali ya zare shebur daga tarin ƙasar ya fara zubawa, tsaye cikin safa, babban yatsansa ya leƙo ta wata 'yar huda, sanyin ƙasar na ratsa shi.