Kifin Rafin da Aka Cike

Ruwan tankin kifi ya shige bakin Lorraine kafin ta cire tiyon, ta tofar a bokiti tana tari. Daga kan gadon da aka jawo masa falo, maƙwabcinta Enzo Torrisi ya yi dariya har da riƙe haƙarƙari.

"Yarinya, cewa na yi ki tsotsa, ban ce ki sha ba."

Ta ba sittin baya, amma tun da ta tare a layin nan na garin Innisfail haka yake kiran ta. Ta goge baki ta ce wa tsohon ya kama bakinsa, in ba haka ba ta dafa masa shayi da sauran.

Ita ta ɓata ruwan. Tun da likita ya sallamo shi gida ba tare da sabon magani ba, ta rasa abin da za ta yi masa. Miyar da take kaiwa ba ya iya sha, sai ta koma kan kifayen da yake kiwo, tana ta barbaɗa musu abinci safe da yamma. Ruwan ya yi fari, biyu suka taso ciki a sama.

Kifin bakan-gizo ne, ba su wuce yatsa ba. Enzo ya kamo kakanninsu a rafin bayan gonar raken mahaifinsa, kafin a cike wurin a yi gidaje. Kowane rafi da launin kifinsa, shi ya sa bai taɓa haɗa su da na wani wuri ba. 'Yarsa Rita ta ce in ta Allah ta kasance za ta juye su a kogi. Ya ce gara ta juye shi kansa a ciki, don a kogi gauraya za su yi da na can, irin ya ɓace. Mai riƙon su saura Lorraine, ita kuwa ko fulawa ba ta rayuwa a hannunta.

Haka suka ci gaba, yana kwance yana faɗa, tana jan bokiti. Rubu'in ruwan ake ragewa, a mayar da ruwan sama daga tankin bayan gida. Abinci kuwa ɗan abin da yatsu biyu suka ɗauka. Ranar Juma'a ba a ba su komai.

"Su ma 'yan Katolika ne, masu azumin Juma'a?"

"Sun fi ni riƙo," in ji shi.

Wata la'asar ta gama canjin ruwa tsaf ba ta ji muryarsa ba. Ta juyo da sauri. Idonsa biyu, gilashin tankin yake kallo.

"Ban sami abin gyarawa ba," ya ce. "Abin haushi."

Washegari ya sa Rita da mijinta suka kwashe kifin a bokitai, suka tallabi tankin zuwa kicin ɗin Lorraine, yana leƙe ta taga yana cewa su bi a hankali da matakala. Da aka gama ya nemi miya, ya ɗan kurɓa.

Cikin makon ya rasu, da rana tsaka, tagogi a buɗe, ƙamshin dafaffen rake na shigowa daga masana'antar sukari.

Bayan an yi jana'iza, wata safiya Lorraine ta zo ɗora buta ta ga wani abu na motsi a cikin ciyawar tankin. Ta sa tabarau ta sunkuya. 'Ya'yan kifi ne, sirara kamar gashin ido, suna tsaye cak a ƙarƙashin ganye. Ta jawo kujera a hankali don kada ta yi ƙara, ta zauna. Butar na nan a hannunta, babu ruwa a ciki.